Wa Ya Haifi Tsutsar Gwaiba

A gidanmu na Tudun Wada akwai bishiyar gwaiba a bayan ɗakin girki. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuwa ina 'yar shekara tara. Da wuya ki fasa nunanniya ba ki tarar da farar tsutsa tana motsi a ciki ba. Kakata ta ce gwaiba ce ke haifar abarta in zaƙi ya yi mata yawa. Ita ko a jikinta, sai ta hure tsutsar ta cinye saura.

Wata Lahadi kawuna, mai aiki a gonar gwamnati ta Samaru, ya zo a keke ya ce ba haka ba ne. Wai wani ɗan ƙuda ne ke huda ɓawon da tsinin bayansa ya zuba ƙwai. Kaka ta tambaye shi yaushe ƙuda ya fara yawo da allura. Suka yi ta musu har tuwo ya huce. Da zai tafi ya koya mini yadda zan gani da idona.

Wata 'yar Ibo mai kanti a bakin titi ta ba ni tsohuwar kwalbar minti. Na zuba yashi, na saka gwaiba mai tsutsa, na ɗaure bakin da ƙyalle, na tura ƙarƙashin gadon Kaka, don nan ne kaji ba sa shiga. Kwana uku Kaka tana neman inda warin tsami ke fitowa.

Tsutsotsin suka fito suna lanƙwashewa suna tsalle, suka nutse cikin yashi. Da na tona sai na ga sun sandare, ja-ja kamar ƙwayar alkama. Na ɗauka sun mutu, har na yi kuka. Bayan kamar mako biyu na jawo kwalbar, sai ga ƙudaje masu ratsin rawaya a ciki suna hawa jikinta. Na ruga na kai wa Kaka.

Ta daɗe tana juya kwalbar a rana.

"To, gwaiba ta haifi tsutsa, tsutsa ta haifi ƙuda," in ji ta. "Jikokin gwaiba ke nan. Ina ƙaryata?"

Don haushi na kwance ƙyallen, ƙudajen suka tashi suka nufi bayan ɗakin girki. Kaka ta bi su da kallo, sannan ta ƙwanƙwashe ni a ka, ta ce in je in wanke mata kwalbar tana so ta zuba daddawa.