Tuluna a Ƙarƙashin Bene

A unguwar Sultana muka zauna, can ƙasa mai tsarki, a hawan ƙasa na wani tsohon bene. Maigidana gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Wani abokinsa ɗan Nijar da ke aiki a gonar dabino a Khaibar ne ya taɓa kawo mana ruwan khal na dabino, mai tsami da ƙamshi, wanda ya haɗa da hannunsa. Tun da maigida ya ɗanɗana shi a kan kwaɗon zogale, bai sake samun sukuni ba.

"Hajiya, ni ma zan yi," in ji shi. "Sai dai abin yana son duhu da sanyi."

"A garin nan? Ina za ka samo su?"

Ya ja ni zuwa ƙarƙashin matattakalar benen, inda aka jibge tsofaffin tayoyi da karyayyen keke. Rana ba ta taɓa leƙa wurin ba. Mai benen, wani dattijo Balarabe, ya yi dariya ya ce mu ɗauka, kyankyasai ne kawai za su yi kukan rashi.

Maigida ya daɗe yana shiri kafin ya buga ƙusa ko ɗaya. Da alli ya zana wa bango inda kanta za ta zauna da inda iska za ta fita. Ya manna soso a jikin bangon, ya rufe da katako, ya shimfiɗa yashi a ƙasa yadda mahaifiyarsa ke yi wa randa a Maraɗi. Ni ce mai yayyafa wa yashin ruwa. 'Yarmu, wadda aka haifa a can, tana miƙa masa guduma, yana yi mata Hausa tana amsa masa da Larabci.

Da dabinon ya fara kumfa a cikin tuluna, sai hankalina ya tashi, don na san hanyar da giya ke bi ke nan. Na sa ya tambayi maƙwabcinmu, wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar, ya saurari bayani.

"Baba, in da niyyar khal aka haɗa, kuma ya juya da kansa, ba laifi. Amma kada a taɓa shi sai ya gama tsami."

Haka muka jira. Tulun farko ya lalace, ya yi funfuna. Na biyu ya yi kyau har maƙwabta suna aiko kwalabe. Akwai wani babba a can ƙurya da maigida ya liƙe wa baki, ya ce wannan sai ya tsufa.

Bai kai ga buɗe shi ba. Shagon da yake wa aiki ya rufe, ba a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba, muka tattara muka dawo Maraɗi. Tulu ba ya shiga jirgi. Ɗalibin nan muka bar wa makulli.

Da azumin bara ya aiko saƙon murya, ya ce ya buɗe babban tulun, ya raba wa mutanen layi. Maigida ya saurara har ƙarshe, ya karɓi wayar daga hannuna, ya kira shi.

"Ɗana, wane launi ya yi?"

"Wallahi Baba, ja-ja haka, kamar shayi."

"Shayin da ya daɗe a wuta, ko na farko?"

Yaron ya ce bai lura ba. Maigida ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya miƙo mini wayar. Ni kuwa kewar sanyin yashin nan a tafin ƙafata ce ta taso mini, na tashi na shiga madafa.