Kunyar 'Yar Fari da Ƙarfen Zuciya

Ni tsohuwa ce daga Rurum. Ban taɓa zama a aji ba, maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Lokacin da abin nan ya faru, duk garin an san ni da riƙon al'ada. Iyayena makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, kuma kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. 'Yata ta fari, tun da na haife ta ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, kakarta ce ta raine ta. In mata suna tsokanata wai na fi dutsen niƙa tauri, daɗi nake ji, har in ƙara ɗaga kai.

A shekara guda ciwon zuciya ya kama mutum biyu a danginmu, ƙanena mai sayar da hatsi a Rano, da ita 'yar tawa da ke aure a Madachi. A Kano aka yi musu aiki iri ɗaya. Aka zura musu ɗan ƙarfe mai kama da raga a jijiyar zuciya don jini ya sami hanya, aka ba su ƙwayar tsinka jini, aka ja musu kunne kada su kuskura su daina sha. Ƙanena kuwa Allah ya yi shi da baki. Ko dasashinsa ya ɗan yi jini wajen asuwaki, sai ya kira likita. Matarsa tana masa tsiya wai ya mai da kansa jariri, shi kuma yana cewa gara a kira shi rago da a kira shi marigayi.

'Yar tawa kuwa gidana aka kawo ta jinya. Ba ta daina al'ada ba tukuna, sai ƙwayar nan ta sa jinin ya ƙi tsayawa. Na gani, wallahi na gani. Na ga tsummokaran da take shanyawa a bayan rumbu, na ga ta daɗe ba ta salla, na ga leɓenta ya yi fari fat. Sai in tashi in nufi ɗakinta, in kai bakin ƙofa, in juyo in hau sharar tsakar gidan da na riga na share. In dafa hanta da zogale in aika mata, ta aiko da godiya, shi ke nan hirarmu. Da ranar komawa asibiti ta zo, likitan namiji ne, ga mijinta tsaye a kanta. Aka tambaye ta ko akwai damuwa, ta ce lafiya lau. Bayan nan jinin ya ɗauke, ta koma salla, na yi hamdala a zuci, har ina ganin shiruna ya yi daidai.

Wata rana da hantsi tana tankaɗe, sai ta dafe ƙirji ta zame. A cikin motar da aka ɗauke ta zuwa asibiti ne ta gaya wa mijinta cewa da kanta ta daina shan ƙwayar don jinin ya tsaya. Kafin su shiga Kano rai ya yi halinsa. Likitan ya ce jini ne ya daskare a cikin ƙarfen. Ya ce mata sun fi maza fama da zubar jini a kan maganin nan, sun kuma fi ɓoyewa, kuma da an faɗa masa, akwai yadda zai yi.

Ƙanena yana nan garau, yakan zo gaishe ni a kan babur. Ba baƙin ciki nake masa ba, amma in ya tafi ba na iya zama wuri ɗaya, daga ɗaki sai zaure, daga zaure sai bakin rijiya. Na san kwana ne ya ƙare, amma shirun nawa ne, kuma ni za a tambaya.

Don haka, iyaye mata 'yan'uwana, in an yi wa 'yarku aikin nan, ku shiga ɗakin ku tambaye ta, ko ta fari ce. Maza, in an zo gaban likita ku ɗan fita waje, ko ku nemo mata ma'aikaciya mace. Jikin da na ji nauyin tambayar 'yata a kansa, mai wankan gawa ta gan shi ƙarara, a lokacin da ba abin da za ta iya sai zuba ruwa.