Ranar da Balbela ta mayar da makulli

A can ƙarshen titin tashar jirgin ƙasa akwai wani tsohon otal, gidan bene, wanda yanzu aka mai da shi wurin ajiye siminti. A zamanin da fentinsa ke da haske, ƙasa zauren kiɗa da rawa ne, sama kuwa ɗakuna ne a jere, kowanne da gado, da kujera guda, da madubi, da labule mai kauri. A nan Balbela ta ƙarar da mafi yawan shekarun ƙarfinta. Matan gidan ne suka laƙa mata wannan suna saboda tsawon ƙafa da son fararen tufafi, ya kuwa bi ta har ya danne na gaskiyar.

Ba sha'awa ce ta kai ta can ba. Mijinta direban babbar mota ne. Ya fita wata safiya, aka dawo mata da hularsa da agogonsa. Ya bar ta da ɗa namiji na goye, da tsohuwar uwa wadda idanunta suka fara dushewa. Ta yi wankau, ta yi aikatau, ta sayar da ruwan sanyi a tasha, amma duk kamar ana zuba ruwa a kwando. Ranar da mai gidan haya ya kwance ƙofar ɗakinsu ya tafi da ita a ka, ta goya wa tsohuwa yaron, ta bi titin nan har ƙarshensa.

Shugabar matan gidan, wadda kowa ke kira Magajiya, mace ce mai jiki da ƙaramar murya, ba ta kuma iya kwana-kwana ba. Ta dubi baƙuwar daga sama har ƙasa, ta ajiye makulli a kan tebur.

"Ƙanwata, ji dokar gidan nan tun kafin ki sauke ƙunshinki. Aiki biyu ne, igiya ɗaya ta ɗaure su. Duk wadda za ta hau dandamali ta yi rawa, sai ta riƙe makullin ɗaki a sama. Rawar talla ce, ɗakin shi ne shago. Ba makulli, ba dandamali."

"Yaya, ni ban iya rawa ba."

"Yunwa za ta koya miki. Ni ma ita ce malamata."

Game da ɗakin sama, Balbela ba ta taɓa yawan magana ba, ko a lokacin, ko daga baya. Ta ɗaura makullin da zare a ƙugunta, tana jin sanyinsa a fata duk inda ta juya. Akwai fuskar da take sawa idan za ta hau bene, idan ta sauko kuma ta rataye ta tare da tawul. Daga wannan ɗaki aka mayar da ƙofar gidan haya, aka sayi maganin idon tsohuwa, aka ɗinka wa yaro kayan makaranta. Abin da za ta iya faɗa a kansa ke nan, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa.

Rawar ce ta zo mata da abin da ba ta zata ba. Shugaban makaɗan gidan wani siririn mutum ne mai busa ƙaho, matan na ce masa Kawu. Ƙahonsa ya loɓa a gefe, amma kullum a goge yake, shi kuma ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, sai ya ɗaura laktaye. Kowace la'asar yakan tara mutanensa su yi gwaji. A wannan lokaci zauren wani wuri ne daban: kujeru a kife bisa tebura, ƙasa da danshin wanki, hasken rana na shigowa ta tagogi a yanke-a-yanke, ƙamshin sabulu na kokawa da warin giyar jiya. Ba a biyan kowa kuɗin gwaji, saboda haka sauran matan barcinsu suke yi. Balbela kaɗai ke saukowa, ba takalmi, ba kwalliya.

"Ke Balbela!" in ji Kawu, ya cire ƙaho daga baki. "Wannan ƙafar taki ta hagu, jirgi za ta shiga ne? Saurin me take yi?"

"Kawu, ƙahonka ne ke jan ƙafa kamar mai shi."

"Ji mini 'yar banza! Sake daga farko."

Haka ta koya, da zagi da dariya. Sannu a hankali ta gane cewa a kan katakon nan ba ta kowa ba ce. Ko zaure ya cika maƙil da masu ihu da fito, idan Kawu ya ja dogon numfashi ya saki ƙaho, sai duk su ɓace mata, ya rage daga ita sai kiɗan. Ta kan ce a ranta, ashe Allah yakan ɓoye wa bawa rabonsa har a inda ba a so a gan shi.

Shekaru suka tura. Yaron ya tashi a hannun kakarsa a hayin titin jirgi. Ya san aikin uwarsa, domin 'yan makaranta ba su bar shi cikin duhu ba, ya sha dawowa gida da yagaggiyar riga da kumburarren leɓe. Bai taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ya bar makaranta ya shiga gareji, ya ƙware, har ya kafa rumfarsa. Tsohuwa ta rasu tana sa musu albarka su biyun.

Wata safiya ya zo ya durƙusa gabanta, baƙin mai a ƙarƙashin faratansa.

"Mama, ya isa haka nan. Na kama mana gida, ciki da falo, har da famfo a tsakar gida. Ki kwaso kayanki daga wurin can. Kin ɗauke ni, yanzu ni zan ɗauke ki."

Wannan magana ita ce ta yi shekaru tana roƙon Allah ya nuna mata ranar jinta. Ga ta kuwa ta zo, amma ta kasa yin murna. Dokar Magajiya ta faɗo mata a rai.

"Babana," ta ce, domin haka take kiransa, "ɗakin kam na bar shi tun kafin ka rufe baki. Amma rawar, ban san yadda zan yi da ita ba."

"Rawar me kuma, Mama? A shekarunki? A ce ina da rai da sana'a, uwata na tsalle a gaban mashaya?"

"Da tsallen nan aka saya maka sifanarka ta farko."

"Na sani. Shi ya sa nake so ki huta."

"Ba duk abin da na yi a gidan can ne wahala ba. Guda ɗaya nawa ne."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya fita bai ko sha ruwan da ta kawo masa ba. Ta zauna ta auna. Idan ta riƙe rawa, sai ta riƙe makulli, ta rasa ɗanta. Ɗa kuwa ba a canza shi da komai. Da la'asar ta yi, ta tafi otal ɗin domin ta yi sallama da abu biyun gaba ɗaya.

Ta tarar da Magajiya zaune a bakin kanta, tsufa ya kama ta, sanda na jingine a gefenta. Makaɗa na ɗaure-ɗauren kayansu. Balbela ta kwance zaren daga ƙugunta, ta ajiye makullin a kan tebur.

"Yaya, ga amanarki. Ɗana ya kawo ƙarfi."

"Madalla da ɗa," in ji Magajiya. "Amma kin san doka."

"Na sani. Ki bar ni dai in yi gwajin yau, in tafi."

"Kada ki dube ni da wannan ido, ƙanwata. Idan na karya miki, gobe duk su sauko su zube mini nasu. Sai in sayar da me, kujeru?"

Kawu na gefe yana goge ƙahonsa da gefen hankici. Bai ɗago kai ba ya ce, "Magajiya, ni ina nawa makullin?"

"Wa zai hau bene saboda kai, tsohon kwano?"

Makaɗa suka tuntsire da dariya. Kawu bai yi ba.

"Mai ganga fa? Mai jita fa? Kullum muna kan dandamalinki, ban ga makulli a ƙugun kowa ba."

"Ku ai makaɗa ne."

"To, madalla." Ya sunkuya ya buɗe tsohuwar akwatinsa, ya tono akayau guda biyu, ƙarafan nan masu ƙara da ake ɗaurawa a idon sawu, duk sun yi tsatsa. "Kiɗanmu ya daɗe ba gishiri. Yau na ɗauki sabon makaɗi. Da ƙafa yake kiɗa."

Magajiya ta dube shi, ta dubi akayau, ta dubi Balbela. Bakinta ya yi motsi kamar za ta yi faɗa, sai ta kama dariya har da tari.

"Tsohon munafuki! To ku ji. Farar rigar makaɗa za ta sa, a layinku za ta tsaya, ba mai kiran ta tebur. Kuma ladan makaɗi za ta karɓa, wanda ko sabulu ba ya saye."

"Na yarda, Yaya," in ji Balbela.

Sabon aikin bai zo da sauƙi ba. A da ido ne kaɗai ke kama kuskurenta, yanzu kuwa ko ɗan yatsa ta saka ba daidai ba, duk zauren zai ji. Ta koma ɗaliba da furfura a kanta. Ta aika wa ɗanta cewa ta mayar da makulli, amma tana nan cikin makaɗa. Bai aiko da amsa ba. Ta ci gaba da zama a tsohon ɗakinsu na hayin titi, tana kasa kunne ga kowace ƙarar mota.

Abin da ba ta sani ba, Kawu ya ɗauki ƙahonsa ya kai garejin ɗanta, ya ce wani maɓalli ya cije, ba kuma wanda zai taɓa masa shi sai wannan makaniki, a kawo masa da la'asar domin ƙafarsa ba ta son tafiya. Ran nan ana gwaji da ganga da jita kawai. Balbela ta rufe ido, akayau na amsa wa ganga, tana dariya ita kaɗai. Da ta buɗe ido, sai ga ɗanta tsaye a bakin ƙofa, ƙaho a hannu. Ƙarafan suka yi tsit.

Ba ta san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Ya dubi kujerun da ke kife, ya dubi farar rigar da ke jikinta, ya tako a hankali ya miƙa wa Kawu kayansa.

"Baba, ƙahonka lafiyarsa ƙalau. Ko mai ba ya so."

"Ashe? Tsufa ne, ɗana."

Saurayin ya taka gefen dandamalin da ƙafa, katako ya yi ƙara. Ya sake takawa.

"Mama, wannan katakon ya saki. Wata rana zai karya miki ƙafa. Gobe zan zo da guduma." Ya dubi ƙasa. "Idan kun tashi, ki jira ni. Ni zan riƙa kai ki gida."

Balbela ta yi shekaru masu dama tana kiɗa da ƙafa, har Kawu ya kwanta dama, aka kawo na'ura ta maye gurbin makaɗa. A lokacin ita ma gwiwa ta ce ya isa. Yanzu tana zaune a ɗakin baya na gidan ɗanta, akayau na rataye a ƙusa kusa da taga. Idan hira ta kai kan zamanin da, ba ta tsine wa ɗakin sama, ba ta kuma yabonsa. Takan ce ya ciyar da su, Allah ya raba ta da shi lafiya. Amma Magajiya da Kawu, ba ta ambatarsu sai ta roƙa musu rahama, ɗanta kuwa ko ruwa ya miƙo mata sai ta sa masa albarka.

Wani lokaci jikarta takan hau kujera ta sauko da ƙarafan, ta ɗaura, ta shiga tsalle a tsakar gida. Balbela na daga kan tabarma, ido a rufe, kamar mai gyangyaɗi. Can sai a ji muryarta:

"Ke! Wannan ƙafar ta hagu, jirgi za ta shiga ne? Sake daga farko."