Yadda Mai Ladabi Ta Ɗauko Idon Iya

Fita daga Katsina

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwa, ni da maƙwabcinmu Malam Tukur Mai Hoto, gari bai gama wayewa ba. Ni ina riƙe da ledar tsaraba, goro da sabulu da turmin atamfa. Shi kuma ya rungume wata tsohuwar jakar fata kamar mai jego da jaririnta. Na ce ya kawo in taya shi, ya ce in ji da ledata.

Bari in faɗi abin da ya tashe mu. Mahaifina ya daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki, shiga mota ta gagare shi. Mahaifiyarsa, Iya, tana wani ƙauye bayan Yashe a ƙasar Kusada, ita ma tun da ta faɗi ta goce a ƙugu ba ta ƙara wuce ƙofar gida ba. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba ta raba uwa da ɗa. Ran nan Baba ya kira ni, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "Habibu, ina son in ga fuskar Iya." Likita kuwa ya riga ya ja ni waje ya yi mini irin maganar da ba a yi a gaban majiyyaci, don haka na san ba ni da lokacin ɓatawa.

Wani zai ce ai ga waya. Mun gwada. Baba shi ne ɗan farin Iya, ita kuwa mutuniyar dā ce ta gasken gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido da ido ba. In an yi kiran bidiyo aka miƙa mata, sai ta kifa wayar a cinya ta ce a gaida mutanen gidan. Hotunan da aka saci ɗauka duk kunne ne da gefen mayafi. Shi ya sa na je na roƙi Malam Tukur, wanda tun ban san hagu da dama ba yake ɗaukar hoto a garin nan.

Muka sami ƙaramar bas mai zuwa Kankia, aka cusa mu a baya tare da buhun albasa. Bayan Charanchi muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani ya leƙo, idonsa ya faɗa kan jakar, ya ce a buɗe. Da ya ga kyamarori jere cikin tsumma sai ya ce, "Baba, shago ka taso da shi?"

Malam Tukur ya ce, "Ranka ya daɗe, manomi ma ai ba da fartanya kaɗai yake zuwa gona ba."

Ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Kankia

Hantsi bai yi ba muka sauka a Kankia, don nan ne za mu canza mota, kuma cikina ya fara kiran ciroma. Muka zauna a bencin wata mai koko da ƙosai a bakin titi. Ƙosan nata manya ne, ga yaji mai sa hawaye, kuma ba ta yi mana tsadar baƙi ba. Na ce wa Malam tunda jami'i ya gani, ni ma sai na gani.

Ya fara da kyamarar da ke rataye a wuyansa kullum, wata 'yar baƙa mai nauyi, ta zamani, wadda ba ta cin fim. Ita ce babbarsu. Tana da 'yar taga a kusurwa, ka leƙa da ido ɗaya, ka murɗa zoben gilashin har siffa biyu da kake gani su haɗu su zama ɗaya, sannan ka danna. Ba ta ƙara, ba ta walƙiya. Ya ce ya sayar da babur ɗinsa ya cika ya saye ta a hannun wani, kuma bai taɓa nadama ba. Muna cikin magana ya nemi izinin mai kokon, ya ɗaga ya sauke. Da ya nuna mini, sai ga tururin koko ya lulluɓe hannunta, ga rana ta ratso ta cikinsa. Ni da nake zaune a wurin ban ga haka ba sai a hoton. Wallahi mutumin nan ido gare shi.

Na ce, "To Malam, mai wannan me zai yi da wasu?"

Ya ce akwai wata ƙatuwa mai dogon gilashi da ya bari a gida, ita ce ta biki da filin ƙwallo, don 'yar baƙar ba ta jawo abu daga nesa. Ga waya a aljihu, ta aikin gaggawa. Sai ya ciro wata mai kama da kwanon sha, ta sha-yanzu-magani-yanzu, wadda ke tofo hoto a take. Wani dattijo daga Sukuntuni da ya kawo rago sayarwa yana ta leƙenmu, sai Malam ya ɗauke shi da ragon ya miƙa masa. Dattijon ya tsaya yana kallon farar takarda har siffarsa ta fito, ya ce, "Ikon Allah! Ragon ya hi ni kyau." Ya cusa hoton cikin hula ya tafi yana ta sa albarka.

Ta ƙarshe a ƙasan jaka take, naɗe da tsohon rawani. Wani akwati ne baƙi mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, fentinsa duk ya goge. Ta ubangidansa ce da ya koya masa sana'a. Fim take ci, fim ɗin ma sai an yi masa aike daga nesa, kuma wanda ke ciki saura kaɗan.

Na ce, "Wannan ai sai gidan tarihi."

Ya ce, "Sunanta Mai Ladabi. Ka kiyaye bakinka, ta girme ka."

Yashe

Daga Kankia muka shiga wata mota da ƙofarta sai an ɗaure da igiya, ta sauke mu Yashe. Daga nan sai kabu-kabu. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, hanya duk taɓo. Wanda ya ɗauko ni ya ce, "Riƙe da kyau, Malam, gaba akwai wani rafi, shina da ɗan hali." Halin nasa kuwa ya nuna mana, don da ƙafa muka ƙetare, takalma a hannu, Malam Tukur ya ɗora jakarsa a ka.

Goggo Hansai, ƙanwar Baba da ke kula da Iya, ita ta tarbe mu da fura mai sanyi. Iya na zaune kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta ƙara ƙanƙancewa, amma bakin nan yana nan.

Ta ce, "A'a, maigida! Sai yau ka tuna kana da mata? Mi ka kawo mani?"

Na ce, "Atamfa, amarya. In kin ƙi in kai wa wata."

Ta ce, "Wa za ta kwashe ka da wannan tumbin?"

Aka yi dariya. Ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har akuyar gidanmu ta tambaya. Mutum ɗaya ne ba ta tambaya ba. Sai can ta kalli bango ta ce, "Mutanen birni suna lahiya?" Na ce da sauƙi. Ta ce Allah ya ƙara, ta shiga gyara bakin zanenta.

Bayan azahar na gabatar da Malam Tukur, na faɗi abin da ya kawo mu. Da ta ji wanda za a kai wa hoton, sai ta ja mayafi. "Ni? In zauna a ɗauke ni a kai ma wancan? Ba a yi haka da ni ba ina da haƙora, balle yanzu." Na roƙa, Goggo ta roƙa. Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya ina cewa wace irin kunya ce wannan mutum yana kwance. Malam Tukur ya taɓa gwiwata, na sauke murya.

Da za mu tashi, sai na ga Malam ya zaro wani ɗan hoto daga aljihu ya ajiye a gefen tabarmarta a kife, ya yi sallama ya fita. A zaure na tambaye shi. Ashe jiya da ya shiga duba Baba ya ɗauke shi da ta sha-yanzu, da yardarsa. Ya ce, "A waya ba za ta kalla ba, don sai wani ya riƙe mata, idon mutane na kanta. Wannan kuwa nata ne. In ta ga dama ta duba, ba mai sani."

Muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, muka kwana a zauren.

Washegari

Da safe Goggo ta kawo mana kunu, ta rage murya ta ce hoton ba ya kan tabarma, kuma Iya ta sa an ɗebo mata ruwan wanka tun da wuri, ta ce a ciro mata farin mayafinta na Idi. Iya da kanta ta aiko a ce wa baƙo in zai yi abin nasa ya zo ya yi, rana na yi.

Muka same ta zaune a kan kujera 'yar tsugune, ta sha kwalli. Idanunta sun yi ja, ba wanda ya tambayi dalili. Malam Tukur ya ɗaga 'yar baƙarsa ya kai ido. Nan take kan Iya ya juya gefe. Ya sauke, ta dawo. Ya ɗaga, ta juya. Ba gardama take ba, na ga tana ƙoƙari. Amma kyamarar ba ta rufe fuskar mai ɗauka, ga idon namiji baƙo ƙuri a kanta, ga kuma sanin wanda zai gani. Abin da jiki ya saba tun ƙuruciya ba ya bari a safiya ɗaya. Ya nuna mini abin da ya samu: kunne da gefen mayafi, irin waɗanda muke da su a gida. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Baba.

Malam ya mayar da ita wuya, ya kwance rawanin nan, ya ciro Mai Ladabi. Ya durƙusa a gaban Iya kamar mai gaisuwa, ya ɗora akwatin a cinya, ya buɗe murfin sama. Sai a lokacin na gane sunan. Ita wannan ta sama ake leƙa ta, dole mai ɗauka ya sunkuyar da kai. Duk tsakar gidan ba idon da ke kan Iya, don ni da Goggo ma ya ce mu juya baya.

Ina jin muryarsa, kansa a ƙasa. "Iya, ni ban ganin ki, ƙasa nake kallo. Ki dubi idon akwatin nan na ƙasa. Ba kowa a cikinsa."

Kaza ta wuce. Sai na ji Iya ta ce, a hankali, "In an kai, shi kaɗai za ya gani?"

"Shi kaɗai, Iya."

Sannan na ji ƙyas, ƙaramar ƙara kamar an karya tsinke. Na ji ya murɗa hannun akwatin, na sake jin ƙyas. Ya ce fim ya ƙare.

Da na juyo Iya ta riga ta ja mayafi, tana faɗa wai mun hana ta karin kumallo. Na ce Malam ya nuna mini. Ya ce, "Wannan ba ta nuna wa kowa sai an wanke. Sai mun je gida."

Komawa

Ban taɓa jin tsawon hanyar Kankia zuwa Katsina irin na ranar ba. Goggo ta haɗa mu da gyaɗa da kuka da daddawa, Iya ta ce a gaida mutanen birni. A mota na dame shi da tambaya: in fim ɗin ya lalace fa? In ta rufe ido fa? Ya ce, "Habibu, ka ci gyaɗarka." La'asar muka shiga gari, ya wuce kai tsaye ɗan ɗakin da yake wankin hoto a bayan shagonsa, ya rufe ƙofa.

Washegari da hantsi ya yi sallama a gidanmu da hoto cikin ambulan. Bai ba ni ba. Ya ce alkawari ya ɗauka, shi ma da ya wanke don dole ya gani. Muka shiga ɗakin Baba, na tayar da shi zaune na jingina shi da matashi, Malam ya sa masa hoton a hannunsa mai lafiya, muka koma bakin ƙofa.

A nan zan yi godiya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Goggo Hansai, da 'yan kabu-kabun Yashe da suka sha taɓo saboda mu. Malam Tukur kuwa, na janye maganar gidan tarihi, Allah ya ƙara wa idonsa haske.

Baba ya daɗe yana kallo. Hawaye na bin ɓarin fuskar da ba ya motsi, bai share ba. Can ya ɗago ya yafito ni, ya juyo mini da hoton da kansa. Ga Iya cikin farin mayafi, ta miƙe wuya, idanunta biyu a buɗe, tana duban mai duban ta kai tsaye.

Ya ce, "Habibu, ka gani? Yau Iya ta dube ni."