Fengzhi da Turken Rashawa

Wai an ce taubashiyata Fengzhi ta taɓa ɗaga layin dogon Harbin da hannu ɗaya, ta share ƙarƙashinsa, ta mayar. Ƙarya ce, Fengzhi ko tulun ruwa sai an ɗora mata. Turke ɗaya kawai ta matsar.

Tana budurwa manyan Beijing suka ba Rashawa filin da jirgi zai bi, da duk abin da ke gefensa. Aka zo ƙauyenmu aka kakkafa turakun iyaka, sai kabarin Kawu, mahaifinta, ya faɗa ɓangarensu. Mutumin da bai taɓa zuwa ko kasuwar gunduma ba, ga shi ya yi ƙaura zuwa ƙasar waje yana kwance. Ranar sharar kaburbura kowa na can yana cire ciyawa yana zuba wa nasa giyar dawa, ita kuwa soja ya tare ta da bindiga. Ta tsaya daga nesa tana kallon ƙaya na cinye ubanta.

To, turke a ƙasarmu, da ƙanƙara ta narke sai ya karkace. Sojan da ke gadi, Yefim, ya fi ni lalaci, kuma wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Fengzhi ta kai masa kabeji mai tsami, ta ce ya huta, ita za ta miƙe masa turken. Ta tuge, ta kafa shi sambal, sai dai taku guda gaba, cikin ɓangaren Rashawa. Yefim har godiya ya yi. Kowace shekara haka, ana canza soja, kabeji bai canza ba. Kafin furfura ta fito mata, Kawu ya dawo gida ba tare da ya motsa ba, ta durƙusa ta share shi tas da rana tsaka.

Bara jakadun Rasha da Japan da Faransa suka gama shan shayinsu a teburin shawara, labari ya iso cewa filin ya koma hannun ƙasarmu Sin. Na ruga na same ta tana ba alade abinci, na ce, “Yaya, wahalar banza kika sha. Da kin yi haƙuri, ai da kyauta za a ba ki.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. “Baba ya kwanta cikin ƙaya sai sun gama shayi? Kai dai ɗauki tsintsiya mu tafi, mai bakin ganga. Kawunka ne, kuma yanzu ba sojan da za ka laɓe a bayansa.”