Hambali Wanzami da Turawan Cikin Dila

Duk wanda ya girma a Gidan Rumji yana da tabon askar Hambali a wani wuri a kansa. Nawa yana bayan kunnen hagu. Wanzanci gadon gidansu ne, ubansa ya aske iyayenmu, shi kuma ya karɓi zabira ya ci gaba da mu a gindin wani dogon yaro da ke bakin kasuwa. Askinsa iri ɗaya ne: ya jiƙa kai, ya murza sabulu, ya kwashe komai ƙwal, yana yi yana ba ka labarin wanda ya tashi kafin ka zauna. Ba ya ajiye madubi, wai sai wanda bai yarda da wanzaminsa ba ke neman madubi.

Ana nan sai wani saurayi, Kamal, ya dawo daga Maradi da tondoz, injin aski, da pano mai kama rana ya ba shi wuta, ya buɗe shago daura da bishiyar. Ya manna hotunan ƴan ƙwallo a bango, ka nuna da yatsa ya yi maka irinsa. Kafin damina ta fita samari sun ƙaura kaf. Aka bar Hambali da tsofaffi, su ma galibi sanƙo ya riga ya yi masa rabin aikin. Na sha wucewa in tarar da shi yana wasa aska, benci wayam, sai Malam Rabilu, abokinsa tun na yarinta, wanda ke zuwa aski ko da gashi ko babu. Abin ya ci wa Hambali rai ƙwarai, har ya rage ba da labari.

Wata ran kasuwa Audu mai gwanjo ya kwance dila, ya tsinci wani ƙaton littafi naɗe cikin rigar sanyi. Zai kai wa mai tsire ya riƙa naɗe nama, Hambali ya tare shi ya buɗe. Zane-zane ne shafi bayan shafi. Yana kaiwa tsakiya ya ga wasu ƙattin Turawa masu gashin baki har haɓa, an aske musu gefe da gefe tas, an bar tsiri a tsakar ka.

"Audu, wanga ai littahin wanzamai na!" in ji shi. "Dubi zanko! Ashe abin da muka yi ma yara, su can manyansu aka yi ma."

Ya ciro shafukan ya kafa su da ƙusa a jikin bishiya. Na farko wasu salihan bayi ne masu faifan zinariya a bayan kai, sai masu zankon nan da takubba, sai manoma a gona suna kallon shamuwa. Daga nan fuskoki suka fara narkewa, kore nan, ja can, hanci ya koma wajen kunne. Can ƙarshe ma ba mutum ko ɗaya, sai layuka da murabba'ai. Hambali ya yanke hukunci cewa mutum ɗaya ne ya zana duka, ya fara da kuzari, tsufa ya kama shi, ido ya mutu, hannu ya soma rawa. Har addu'a ya yi masa. Shafukan matan da mayafi bai wadace su ba kuwa ya ce ya ƙone su, ko da yake ba wanda ya ga hayaƙi.

Mutane suka yi ta zuwa kallo, ba mai zama. Sai wata rana hadari ya rufe rana, tondoz ɗin Kamal ta mutu a tsakiyar kan Tijjani ɗan kabu-kabu. Ya tsallako da rabin kai yana ƙunƙuni.

"Baba Hambali, a ƙarasa mini."

"Nuna wanda kaka so."

Tijjani, don shaƙiyanci, ya ɗora yatsa a kan shafin layuka da murabba'ai. Bai san Hambali ya ɗauki dokar Kamal da gaske ba: abin da yatsa ya nuna, shi za a yi. Tsoho ya duƙufa, yana duban takarda yana duban ƙeya, ya fitar da kowane layi da bakin aska. Da Tijjani ya leƙa madubin babur ɗinsa ya yi salati, ya danna hula har gira. Amma a hanyar Maradi iska ta ɗauke hular, ya shiga gari haka, samarin tasha suka kewaye shi suna ɗaukar hoto suna tambayar inda aka yi.

Sati bai zagayo ba layi ya kai rumfar masu gero. Daga Gidan Sori ake zuwa a amalanke. Mai son zanko da gashin baki, mai son na tsohon da idonsa ya mutu. Wani ya nace sai an yi masa faifan zinariya, Hambali ya ce wannan sai an yi aikin alheri tukuna.

Mushe Hamisu, malamin makarantar boko, ya zo ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan shafukan. Ya ce ba littafin aski ba ne, zanen masu zane ne na wata ƙasa, Polan, mutane daban-daban, tsakanin na farko da na ƙarshe ɗaruruwan shekaru, kuma masu layukan nan da gangan suka yi.

"Da gangan?" in ji Hambali. "To na janye addu'ata. Mushe, za ka zauna ko ka ba na baya wuri?"

Hambali ya yi ƙiba, labari ya dawo bakinsa. Bai lura Malam Rabilu ya daina zuwa ba, sai ranar da ya ɗaga kai ya hango shi ta ƙofar shagon Kamal, zaune a kujera, tondoz na kuka a kansa. Askar hannunsa ta tsaya cak. Ya bar wani yaro da rabin murabba'i ya tsallaka titi.

"Rabilu, mi na yi maka?"

"Ba ka yi mini komi ba. Wurinka yanzu sai an bi layi an zaɓi Bature. Ni ƙwal nika so, ba ta cikin littahinka."

Hambali ya koma gindin bishiya. Na ga idonsa ya yi ja, kuma ba sabulu ne ya shiga ba. Ya sallami layin, ya zazzage sauran shafukan da ke zabira yana bincike, har ya samo wani tsoho mai tsumma, kai tal kamar ƙwarya, yana hararar duniya. Ya kafa shi sama da kowa, ya aika a gaya wa Malam Rabilu an samo Baturensa.

Sai da sabon gashi ya ɗan tsiro Malam Rabilu ya zo. Ya daɗe yana duban zanen, hannu a baya.

"Wanga ya hi ni muni," in ji shi.

"Da kaɗan," in ji Hambali, yana jiƙa sabulu.

Malam Rabilu ya ture wani saurayi daga kan benci, ya cire hula ya zauna.