Taƙi Ɗaya a Kowane Ɗaki

Shekara talatin da huɗu tela ya yi yana ɗinki a ɗan shagon da ke ƙarƙashin matakalar bene, kuma duk layin babu mai kiransa da sunansa na yanka. Dawo-Gobe ake ce masa, yana kuma amsawa, don ya san bai ci bashin sunan ba. Amma ko masu zaginsa sun yarda da abu ɗaya, rigarsa ba ta matse mutum. Duk wanda ya auna sai ya ɓoye masa ƙari a cikin ɗinki. In ka yi tumbi a farke a saki, in ka rame a kama.

Shi da iyalinsa suna haya a hawa na uku na benen, tare da mahaifiyarsa, Inna, wadda ƙafafunta suka daina aiki shekara shida da suka wuce. Tun lokacin sau uku kacal aka sauko da ita, duk zuwa asibiti, ƙarti huɗu na nishi ita tana gyara musu riƙo. Kekenta na guragu iyakarsa daga gado zuwa taga. Saboda ita ya sayi fili, ya kuma yi mata alkawarin ɗaki a ƙasa, inda za ta tura kanta har ƙofar gida ba tare da ta roƙi kowa ba.

Mai zane ya fitar da tsari mai kyau. Shago a gaba mai babban gilashi, inda za a rataye riguna masu wucewa su gani, abin da tela ya yi shekaru yana mafarki a ƙarƙashin matakala. Daga nan lungu ya ratsa tsakiyar gida, ɗakuna dama da hagu, na Inna can ƙurya inda babu hayaniya. Tela ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce aiki ya yi, sai dai yaran zamani ba su san barin ƙari ba.

Ranar da magini ya kafa turaku ya ja zare, tela ya iso da tef a wuya. Ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana cewa a ƙara taƙi ɗaya. Magini, wani dattijo marar son magana, ya nuna masa cewa bangon waje ya riga ya hau iyakar maƙwabci, duk abin da aka ƙara wa ɗaki daga lungu za a cire shi. Tela ya ce lungu ai ba a kwana a cikinsa. Magini ya sake magana, tela ya tambaye shi ko gidan nasa ne.

"In ya matse sai a saki," in ji tela. "Mene ne abin wahala?"

Magini ya dube shi, ya dubi tef ɗin, ya matsar da turaku.

Gini ya ɗauki shekara biyu, ba wata huɗun da tela ya faɗa wa jama'a ba. Duk sanda ya je ya tarar babu kowa a wurin, sai a ce masa gobe. A nan ne ya fara jin yadda kalmar take a kunnen mai saurare, har ya yi mako guda yana gama ɗinki a kan lokaci, kafin ya warke.

Ranar tarewa aka sauko da Inna da hantsi. Ta sa an ɗaura mata sabon ɗankwali, ta hana kowa taɓa keken, ta ce yau da kanta za ta shiga. Ta wuce ƙofar gida lafiya lau. Tana kaiwa bakin lungu ƙafafun keken suka daki bango dama da hagu. Ta ja baya ta sake gwadawa. Matar tela ta karkata keken, fenti ya kankare, bai shiga ba. Ɗakuna biyu da ke fuskantar juna kowanne ya ci taƙinsa, filasta ta cinye sauran.

Tela ya ce kada kowa ya damu, ya aika a kira magini. Ya nuna masa bangon hagu ya ce a farke shi a saki kaɗan. Magini ya buga bangon da tafin hannu ya ce shi ke ɗauke da rufi, na dama kuma bututun ruwa da wayoyin wuta duk a cikinsa suke. In yana so a taɓa, to a sauke kwano a koma haya.

"Ba a bar komai a ciki ba?"

"Maigida, bulo ne."

Matarsa ta ce a riƙa ɗaukar Inna ana shigarwa ana fitarwa, ai lungun ba shi da tsawo. Inna ta sauke hannuwanta daga ƙafafun keken ta ɗora a cinya. Tela ya ga hannuwan. Ya juya ya kalli shago, inda aka riga aka ajiye keken ɗinkinsa a gaban gilashi, rana na haska shi. Ƙofar shagon mai faɗi ce, tana kallon titi, babu ko matakala ɗaya.

Ya yi ta ƙoƙarin samo wata dabara, har da zancen sayo wa Inna ƙaramin keke. Inna ta bari ya gama.

"Ɗan nan, keke biyu ne a gidan, ɗaya zai shiga lungu. Naka ana kwance masa kai a ɗauka daban. Ni ba a kwance mini."

Kafin la'asar tela ya kwance keken ɗinkinsa da hannunsa, ya shiga da shi gunduwa-gunduwa, yana tafiya a kaikaice. Yanzu a ƙurya yake ɗinki, masu kawo yadi suna bin lungu kafaɗa na gogar bango. Inna kuwa tana bayan gilashi daga safe zuwa yamma, in ta ga dama ta turo kanta bakin titi, tana faɗa wa masu wucewa wanda rigarsa ta yi masa kyau da wanda tela ya cuta.